Ni da Surukina a Bukkar Hatta

Tun da na dawo daga Dubai ba a bar ni na sha shayi da zafinsa a majalisa ba. Wannan ya ce, "Malam, da gaske akwai benen da ya shige cikin gajimare?" Wancan ya tambayi kuɗin gwal, kamar da fanshon malamin makaranta ake shiga kasuwar gwal. Alhaji Tanko tela kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum: yaya aka yi na tafi da magana a bakina na dawo da akasinta? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya kai gida ya ƙara masa gishiri. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, na san abin da ke samun darasi idan aka bar shi a bakin ɗalibai. To ga shi a rubuce. Wanda ya ƙara wani abu, alhakin yana wuyansa.

Sai na fara da dalilin tafiyar, don ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ina da suruki, Malam Nasiru, mijin 'yata ta fari, wadda ba zan ambaci sunanta ba ko a takarda. Da aka zo neman aurenta na kafa sharaɗi ɗaya, cewa ba za a fitar min da ita daga Kano ba. A lokacin yana tsaron shago a Kwari, iyakar tafiyarsa Legas, ya amsa da sauri. Bayan shekara uku Allah ya buɗe masa hanya a Dubai, ya samu aiki a wani kamfanin kago, masu tura wa 'yan kasuwarmu kaya gida. Shekararsa shida ke nan a can, yana zuwa sau ɗaya a shekara. Ita da yaran biyu, Hanifa da takwarana da muke kira Khalifa, suka dawo sashen baya na gidana. Bai taɓa karya sharaɗin ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce a janye ba. Amma da ya aiko min da tikiti da biza wai in zo in huta, har kajin gidanmu sun san abin da ake nufi: yana son ya ɗauke iyalinsa. Hajiya ta raka ni har bakin ƙofa tana ja min kunne. Na ce ta kwantar da hankalinta, amsata tana aljihu ɗaya da fasfo, kuma a'a ce.

Kwana huɗun farko a Rigga na yi su, a wani ɗan otal da ke saman shagon canjin kuɗi. Unguwa ce da in ka rufe ido za ka rantse kana Fagge, ga Hausa, ga ƙamshin turare, ga gardama a kan kwantena. Benayen na gan su. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kwana huɗu cur ban ji yara sun yi ihun an kawo wuta ba, don ba a ɗauke ba.

A nan aka haɗa ni da Alhaji Mudi, wani Bakano mai jiki da murya, wanda ya daɗe yana safarar yadi da takalma tsakanin Dubai da gida. Shi ne uban ɗakin Nasiru a can, shi kuma aka shirya zai yi maganar, tunda kowa ya san suruki ba ya tunkarar suruki da irin wannan batu kai tsaye. Dabararsu ita ce mu uku mu tafi Hatta, wani yanki na Dubai da ke cikin duwatsu kusa da Oman, mu kwana a ɗakin katako kusa da dam, a ci nama, a sha iska, in raina ya yi fari Alhaji Mudi ya ɗauko zancen. Na gane dabarar tun kafin a gama ƙulla ta, amma na yi shiru. Duwatsun nake son gani.

Ran Asabar da safe, mun gama sa kaya a mota, sai wayar Nasiru ta yi ƙara. Alhaji Mudi ne daga Jebel Ali, tashar jiragen ruwa, muryarsa har ni ina ji.

"Wallahi mushkila ce, takardar kwantena ta ƙi fita. Yalla ku yi gaba, ina bayanku, shwayya shwayya, a hankali. Nasiru, ka bi tsohuwar hanya, ta fi kusa. Na san ta kamar yunwar cikina."

Har muka je muka dawo yana bayanmu.

Nasiru ya buɗe min gidan baya. Na ce ni ba gwamna ba ne, na shiga gaba. Kuskurena na farko ke nan, don bawan Allah ya manne da ƙofarsa kamar kujerata da wuta. Hirarmu kuwa ga ta duka.

"Baba, sanyin bai yi muku yawa ba?"

"Bai yi ba."

Aka yi tafiya mai nisa.

"Baba, ko a ƙara sanyin?"

Birnin ya ƙare farat ɗaya, kamar an sa almakashi. Yashi ya fara, da farko fari, sannan ja kamar garin jan barkono, tudu bayan tudu. Raƙuma ma an yi musu shinge kada su faɗa titi, gatan da a wurinmu ko 'yan makaranta ba su samu ba. Can sai na hango wani baƙi-baƙi a gabas ya tokare sama. Na ce, "Malam Nasiru, hadari ne ya taso?" Ya ce, "Baba, duwatsun ne."

Kafin mu kai gare su muka tarar da shingen bincike. Wani soja matashi ya karɓi takardunmu. Na gaishe shi da Larabcin da na koya a zaure, na littattafan fiƙihu. Ya yi murmushi, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji, don a kunnensu kamar wani ne ya taso daga cikin littafi yana tambayar hanya. Sannan ya yi mana bayani cikin ladabi: hanyar nan tana ratsa wani yanki na ƙasar Oman kafin ta sake shiga tasu, kuma 'yan ƙasashen yankin kaɗai ake bari su wuce. Ni ma bizata ta shiga ɗaya ce, in na fita na fita ke nan. Ni da na shekara da shekaru ina zana iyakokin ƙasashe a allo da layi ɗaya ɗoɗar, sai ga ni a wurin da ƙasashe biyu suka sarƙe kamar yatsun mai addu'a. Ya miƙo takardun, ya nuna mana inda za mu juya. Na ɗan jira, bisa sabo, ko zai nemi na goro. Bai nema ba. Daga baya aka gano rabon Alhaji Mudi da wannan hanya tun kafin a haifi Hanifa.

Zagayen ya ci mana kusan awa biyu. Muka tsaya a shagon wani Ba'indiye, Nasiru ya kawo min shayin da suke kira karak, mai kauri da ƙamshin kanumfari, da wata gurasa mai mai, mai falle-falle. Na ce, "Kai fa?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba," ya fita ya tsaya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Na fahimta, ban matsa ba. Ni ma surukina, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ganin lomata ba. Na ɗauka zai ci nasa a bayan mota, yadda duk muka yi a zamaninmu.

Daga nan muka shiga duwatsun. Na san Dala da Goron Dutse, na hau Kufena da ƙuruciya, na kai ɗalibai Jos. Namu duwatsun masu sulɓi ne, zagayayyu, kamar masu haƙuri. Waɗannan tsaga-tsaga ne, masu kaifi, kamar an fasa wata tukunya mai girman duniya an bar fasassun a tsaye. Ba itace, ba ciyawa. Wani baƙi, wani ja, wani kore-kore kamar tsatsar tagulla, kuma in ka ce wannan ne na ƙarshe sai wani ya leƙo ta bayansa. Titin ya yanka su kamar an yanka sabulu. Na tuna yawan yaran da na rage wa maki don sun kasa zana layukan tsayin dutse a taswira, alhali ni mai rage makin ban san abin da layukan ke nufi ba sai ranar. Na nemi gafarar Allah, da tasu.

Bayan la'asar muka isa masaukin. Ɗakunan katako ne jere a gefen tudu, kowanne da barandarsa da wurin gashi. Wani dogon mutum mai furfura a gemu, cikin yunifom, ya karɓi jakata ya ce, "Sannu da zuwa, Baba Alhaji." Sunansa Malam Issaka, daga zangon Kumasi, ya daɗe yana aikin kula da baƙi a wurin. Duk inda ka je a duniya, in ka ɗaga dutse za ka samu mai jin Hausa a ƙarƙashi, amma ban zata har da waɗannan duwatsun ba.

Ya buɗe mana ƙofa. Ɗaki ɗaya ne tal. Gado ɗaya, doguwar kujera ɗaya, ɗan firji, da banɗaki wanda ƙofarsa ke kallon gadon ido da ido. A waya Nasiru ya kama wurin, kuma a hoto ɗakin ya fito kamar gida mai falo da ciki biyu. Na dubi fuskarsa. Ban taɓa ganin mutum ya rame a tsaye ba sai ranar.

"Babu wani ɗakin?" ya tambaya.

"Lokacin sanyi, ƙarshen mako? Ko ina ya cika," in ji Issaka. "Amma ai wannan ya isa mutum uku ma. Kujeran nan yana buɗewa ya zama gado. Kai da babanka ne, mene ne?"

Nasiru ya ja shi gefe ya raɗa masa. Issaka ya dafe kai.

"Suruki? Kai! Cale, wahala ya zo." Cale wai aboki ke nan a bakin mutanen Kumasi.

Suka yi ƙus-ƙus, sannan Nasiru ya dawo ya durƙusa ya ce shi ya samu wurin kwana wajen Malam Issaka. Issaka ya kalli dutse. Na karɓi maganar, don ta yi min daɗi.

Na zauna a baranda ina kallon maƙwabta. Kakana ya yi shekaru yana tara kuɗin gyaɗa don ya fita daga bukka ya shiga ɗakin kwano. Ga mutane masu gidaje a saman gajimare sun baro su, sun biya kuɗi don su kwana a bukka. Ban tambayi nawa ba, saboda hawan jini. A damanmu wasu Turawa ne suka sauko daga dutse da sanduna, ba kiwo suka je ba, ba itace, sun hau ne kawai don su sauko. Cikinsu akwai tsoho mai gajeren wando, da wani saurayi da Issaka ya ce mijin 'yarsa ne, suna karɓa-karɓa da gorar ruwa ɗaya, har tsohon yana dukan kafaɗarsa. Na kau da kai. A hagunmu kuma wani dattijon Balarabe ne da iyalinsa.

Da magariba aka kira salla daga garin da ke ƙasa. Kiran ya bugi dutsen da ke gabanmu ya dawo, ya bugi na bayansa ya sake dawowa, har sai da ladan ɗaya ya zama uku, kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya gama. Rana ta faɗa bayan tsaunin, kawunan duwatsun suka yi ja kamar garwashi, sannan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na yi sallar nan da nutsuwar da na daɗe ban samu ba.

Nasiru ya hura gawayi ya gasa naman rago da yajin da Hajiya ta ba ni tsaraba. Hannunsa da daɗi, wannan ban sani ba sai ranar. Ya jera duka a faranti ya ajiye a gabana, ya ce zai je ya duba mota. Na ci na ƙoshi. Na tabbata ya ware nasa, don haka na raba sauran biyu, rabi na miƙa wa Balaraben nan a wani faranti, rabi na ba Issaka. Ba a gasa nama maƙwabci ya tashi da hayaƙi kawai. Da Nasiru ya dawo ya ɗan daɗe yana kallon farantin, sannan ya ce, "Allah ya amfana, Baba."

Sanyin wurin ba irin namu ba ne, shiru yake shiga ƙashi. Na kwana da bargo biyu. Da gari ya fara wayewa na fito in ga fitowar rana, sai na ga gilasan motarmu sun yi gumi daga ciki. Na matsa. Nasiru ne a kujerar baya, ya naɗe kamar kifi a gwangwani, ya lulluɓa da dardumar salla. Ashe ba a yarda baƙo ya kwana a ɗakin ma'aikata ba. Na tsaya ina tunani. In na tashe shi ya san na gani, kunyar sai ta fi sanyin ciwo. Sai na koma da baya a hankali har baranda, na yi gyaran murya mai ƙarfi sau biyu. Ba a jima ba sai ga shi ya ɓullo ta wata hanya daban, da hularsa a daidaice.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ɗakin Malam Issaka?"

"Alhamdu lillahi."

Da hantsi dattijon Balaraben ya dawo da farantinmu. Ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam: dabino ne na gonarsa, da wani abu kamar fanke ƙanana da aka tsoma a zuma. Ya zo da butar gahawa da 'yan kofuna kamar murfin kwalba, ya zuba min. Ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don ladabi na miƙa kofin, ya sake cikawa. Na shanye, ya cika. Sai a kofi na bakwai Issaka, da ya zo wucewa, ya raɗa min cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Nasiru ya san haka sarai, yana tsaye can gefe yana kallo, amma ina shi ina gyara wa surukinsa a gaban mutane. Dattijon ya tambaye ni ko ɗana ne. Na ce mijin 'yata ne. Ya ce to me ya sa yake tsaye nesa kamar mai laifi? A wurinsu, in ji shi, a faranti ɗaya suke ci da mazan 'ya'yansu. Na ce a wurinmu ma ana son su ƙwarai, daga nesa. Ya yi dariya har da tari. Na ci abin da zan ci, na ƙulle sauran a leda na jefa a aljihun kaftani, na ce wa Nasiru ya tashi motar mu je dam kafin rana ta yi.

Na san Tiga, na san Bagauda. Ruwanmu kalar kunu ne, kuma a bakinsa akwai rayuwa: masunta, masu wanki, shanu, gonakin albasa. Wannan da muka hau kan madatsar muka leƙa, ruwa ne kore shar mai duhu, kwance a cikin kwarin dutse, ko motsi ba ya yi, duwatsun sun tsaya a kansa, ga su kuma a cikinsa a kife. A ƙasar da sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba. Dutse ba ya shan ruwa, in an yi sama duk abin da ya sauka gangarowa yake, aka tare shi a nan. Na koyar da wannan a aji uku, babi na biyar. Amma da na tsaya a gabansa ba abin da ya zo bakina sai tasbihi.

Ana ba da hayar ƙananan jiragen ruwa masu kujera biyu, da feda ake tuƙa su kamar keke. Na ce sai na shiga. Aka ɗaura min rigar hana nutsewa a kan kaftani, na koma kamar buhun gero da aka ɗaure a tsakiya. Nasiru ya ce, "Baba, ku ɗora ƙafa kawai ku huta, ni zan tuƙa." Muka yi nisa, muka sha kwanar wani dutse, bakin ruwan da mutanensa suka ɓace. Shirun wurin har nauyi gare shi. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga feda.

Sai na lura jirgin ya rage gudu, ya fara juyawa wuri ɗaya. Na dubi Nasiru. Gumi ya jiƙa hularsa a cikin wannan sanyi, leɓensa ya yi fari.

"Malam Nasiru, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Jiri ne kaɗan."

"Yaushe rabonka da abinci?"

Ya ci gaba da taka feda. Na ɗauko muryar aji.

"Tambaya na yi."

"Juma'a da dare, Baba."

Ranar kuwa Lahadi ce.

"A shagon Ba'indiyen fa?"

"Mun makara, na ce sai mun isa."

"Naman jiya?"

"Ai kun yi sadaka da shi, Baba. Allah ya karɓa."

Sauran kayan abincin suna cikin firji, firjin yana ɗakin da nake kwance, shi kuma ba zai tafi gari ya bar ni ni kaɗai a kan tudu ba. Na zaro ledar nan na ajiye a tsakaninmu na ce ya ci. Ya sunkuyar da kai. Na ce masa ni ban iya ruwa ba, ban iya wannan keken ba, kuma ba ni da niyyar a kai wa Hajiya labarin kunya ta kashe mutum biyu a ƙasar Larabawa. Ya yi ɗan murmushi, amma hannunsa bai motsa ba. Sai na juya gaba ɗaya a kujerata, na ba shi baya.

"Akwai abin da nake son in nazarta a jikin dutsen can," na ce. "Zai ɗauke ni lokaci."

Da dabara na fara kallon, amma sai ya zama na gaske. Dutsen ya miƙe daga cikin ruwan har sai da hulata ta nemi faɗuwa. A jikinsa akwai layi-layi, an lanƙwasa su an naɗe kamar yadda tela ke naɗe shadda, kuma wanda ya naɗe bai yi gaggawa ba. Can sama, a inda ban ga wurin sa ƙafa ba, wata akuya tana tsaye tana kallonmu. A bayana na ji ledar ta yi ƙara. Ban waiwaya ba.

Bayan wani lokaci ya yi magana, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Baba."

"Ina ji."

"Alhaji Mudi ba zai zo ba."

"Na sani."

"Zuwan da na yi da ƙaramar salla, kun tuna da na shigo da jaka, Khalifa ya ɓuya a bayan uwarsa? Kwana uku ina gidan, ya ce yaushe baƙon nan zai tafi gidansu."

Na tuna. Duk gidan aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa. Har majalisa na kai labarin, wasunku da ke karanta wannan kun taya ni.

"Ni ma na yi dariyar, Baba," ya ce. "Amma na dawo nan na yi wata guda ina jin maganar a kunnena. Na nemi aiki a gida, ban samu wanda zai riƙe mu ba. Na yi muku alkawari, ba zan karya ba. In kun ce a'a, a'a ce, ba zan sake tayarwa ba. Iyakar maganar ke nan."

Na ci gaba da kallon dutsen. Shekara tara ina gaya wa mutane cewa don ita na kafa sharaɗin, kada a kai ta inda ba ta da kowa. A tsakiyar ruwan nan ba wanda zan yi wa wannan bayani. Hanifa ce ke kawo min takalmi in zan fita masallaci, Khalifa a cinyata yake barcin rana. Don ni ne. Ita kuwa ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, don 'yar fari da ubanta ba su da irin wannan hira. Ga kuma mutumin da nake tsoron zai kai min jikoki inda za su manta al'ada, ya kusa suma saboda al'adar.

"Makarantar yaran fa?" na ce, ban juyo ba.

"Na duba, Baba. Akwai kusa da gidan da zan kama, har da ta Islamiyya."

"Hausa fa?"

"A cikin gida ba za a yi wani yare ba."

"Dogon hutu a Kano za su riƙa yi. Wannan ba sharaɗi ba ne, na daina kafa sharaɗi. Roƙo ne." Sannan na ce, "Zan sa uwarta ta tambaye ta. In ta yarda, da an rufe makaranta ka zo ka ɗauki iyalinka."

Jirgin ya karkata har ruwa ya taɓa min ƙafar wando. Na waiwaya da sauri, ashe ƙoƙarin durƙusawa yake a tsakanin feda da kujera.

"Zauna, Malam Nasiru! Ka bari mu kai tudu ka durƙusa!"

Tare muka tuƙa jirgin muka dawo, ƙafa huɗu. Gwiwata ta yi kwana uku tana tuna min.

Da na iso Kano Hajiya ta saurari labarin har ƙarshe, ta tashi ta shiga sashen baya. Ta daɗe. Da ta fito idonta ja, ta ce, "Ta ce duk yadda ka ce." Na ce wannan ba amsa ba ce. Hajiya ta ce, "Malam, akwatinta ta sauko da shi daga saman sif. Wace amsa kuma kake nema?"

Makon jiya muka raka su filin jirgi. Hanifa ta rungume kakarta ta ƙi saki sai da aka ɓamɓare ta. Khalifa kuwa ya yi kwana goma ubansa yana gida, ya saba. Da suka nufi ƙofar shiga na ɗaga masa hannu. Bai waiwayo ba, yana riƙe da yatsan ubansa yana jera masa tambaya a kan jirgi. Na bar hannun a sama har suka shige. Hajiya ta ce mu tafi, rana tana yi. Ni na tuƙa motar, ita ta yi kukan, nata da nawa.